In Za Ku Raka Ƙungiya Zuwa Garin Wasu

Tun da wasan ƙwallo ya fara farfaɗowa a ƙasar nan, hirar samarinmu a unguwannin Gadarif ta koma ta tafiya: wa zai je Kasala, wa zai iya kaiwa Bur Sudan, nawa ne kuɗin bas har Atbara. Ba kuwa za a ga laifinsu ba. Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya tsayar da gasar Mumtaz cik, ya raba Hilal da Marrih da filayensu na Umdurman, har suka je suka yi kakar 2024/25 cikin gasar ƙasar Muritaniya, a kaka ta gaba kuma suka koma Ruwanda. Ƙungiyar ƙasa ma, a hannun Kwesi Appiah mutumin Gana, a Juba da Bangazi ta riƙa karɓar baƙinta, da haka kuma ta sami shiga gasar cin kofin Afirka ta Maroko. Saboda haka da aka tara ƙungiyoyi takwas a Atbara da Damar cikin watan Yuli na 2025, aka yi gasar da Hilal ta cinye, sai ya zama kamar ruwan farko bayan dogon rani. Wanda ya daɗe da ƙishi, in ya ji labarin rijiya ba ya tambayar nisanta.

To, tambayar nisan ita ce aikin wannan shafi a wannan wata. Ni dai malamin makaranta ne, yawancin masu wannan ɗoki kuwa ko ɗalibaina ne ko sun taɓa zama a gabana, ban kuma ga amfanin ce musu kada su je ba, don za su je. Abin da nake so su riƙe, su da iyayensu, shi ne wasa minti 90 ne, amma tafiyar ta kwana biyu ce ko uku, kuma galibin abin da ke cutar mai bin ƙungiya zuwa garin wasu ba cikin mintocin nan yake samunsa ba. A hanya yake samunsa, ko a bakin ƙofar fili.

Kakanninmu da suka taso daga Sakkwato da Kano da Katsina suka yiwo gabas, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu da niyyar tsallaka teku ta Suwakin, ba su kama hanya ba sai da madugu. Shi ke sanin yawan ayari, shi ke magana da masu gari, shi ke cewa a tashi ko a sauka. Samarin yanzu kuwa sai su cika mota kowa shugaban kansa, in an tsaya cin abinci a Shuwak ba wanda ya san ko an bar wani a bayan gida. Kafin a sayi tikiti ko guda, a zaɓi mutum ɗaya wanda ya ɗan manyanta, mai sanyin baki, wanda Larabcinsa ya nuna. Ya rubuta sunan kowa da lambar wayarsa da lambar wani nasa na gida, a takarda biyu, ɗaya a aljihunsa, ɗaya a bar ta a unguwa hannun wani dattijo. A takarda na ce, domin waya takan mutu, takan kuma faɗi. Yaron da bai shiga sakandare ba, ni a ganina, ba shi da abin yi a wasan waje sai tare da ubansa ko wansa.

Sai maganar takardun shaida, a nan kuwa zan daɗe, don a nan ne mu muka fi wasu bukatar lura. Tun da aka fara yaƙi shingayen bincike, wato irtikaz, sun yawaita a kan manyan hanyoyi, musamman a mashigar gari da kan gada. Akan sauke fasinja, a duba kaya, a nemi raƙam waɗani ko katin shaida. Ba baƙon abu ba ne gare mu a dubi fuskar mutum, ko a ji sunan kakansa, a tambaye shi daga ina ya zo, alhali kuwa shi da ubansa da kakan nasa duk a Gadarif aka yanke musu cibi. Abin da ciwo, ba na musu. Amma bakin shinge ba nan ne wurin shari'arsa ba. Wanda ya san takardarsa ba ta cika ba ya haƙura da wannan tafiya, ya je ofishin sijil madani ya gyara ta, ya jira wasa na gaba. Ƙwallo ba ta ƙarewa. Wanda tasa ta cika ya ɗauki ta ainihi, ya sa ta cikin leda a aljihun ciki, kada ya dogara da hoton da ke cikin waya. Ɗalibi ya haɗa da katin makaranta. Mu malamai ba ma ƙin rubuta wa yaro shaida in ya zo da wuri, ba wai ya buga wa mutum ƙofa da asubahin ranar tafiya ba.

In an hango shinge, a ajiye ganga, a tsayar da waƙa, a cire abin sauraro daga kunne tun kafin mota ta tsaya. Madugu shi ke magana, ya ce daga ina, zuwa ina, wane wasa, mutum nawa. Wanda aka tambaya shi kaɗai ya amsa abin da aka tambaye shi, cikin Larabci, a gajarce. Kada a shiga hira da Hausa ana dariya a gaban jami'in da ba ya ji, domin zai ɗauka da shi ake, kuma mutumin da ya wuni cikin rana da bindiga ba abokin wasanka ba ne. Ba kunyar harshenmu nake koya wa kowa ba. In mota ta tashi ku ci gaba da hirarku har Kasala.

Waya ma sai an yi hattara da ita. Tun da jirage marasa matuƙi suka kai hari Atbara da Gadarif a Afrilu 2024, da Kasala da Bur Sudan a Mayu 2025, jami'an tsaro ba sa wasa da mai ɗaukar hoto. Gada, da shinge, da motar soja, da tashar lantarki, da filin jirgin sama, duk ba abin ɗauka ba ne, ko da a bayanka suka fito. Hotunan yaƙi da ake turowa ta WhatsApp, waɗanda yaro bai ma san suna cikin wayarsa ba, a share su tun a gida. Kakin da ya yi kama da na soja a bar shi, wuƙar damtse a bar ta, kadamul kuma, ko da ƙura ta kai ina, kada a naɗa shi. Kowa ya san abin da yake jawo wa mutum a zamanin nan. Ƙyallen rufe hanci ya isa.

Yanzu sai hanyar ita kanta. Kasala ita ce kusa, kilomita kamar 220 ta Shuwak da Hashmal Girba, bas mai lafiya kan cinye ta cikin awa uku zuwa huɗu in ba a daɗe a shinge ba. Madani ma kusan haka take, ta Fau. Hanyar ta rufe bayan faɗuwar garin a Disamba 2023, ta sake buɗewa bayan sojoji sun karɓe shi a Janairu 2025. Amma wanda zai je kallon Hayyul Arab ko Hilalus Sahil a Bur Sudan, ya san kusan kilomita 800 ke gabansa, wato wuni guda cur a zaune. Atbara, garin Amal, hanya biyu gare ta: ko ka bi ta Kasala har Haya ka karkata yamma, ko ka bi ta Madani da Bahri da Shandi. Wadda ta fi lafiya a makon tafiyarku, direbobin bas da ke tasha su za a tambaya, ba masu hira a shagon shayi ba.

Kowa ya san halin kwaltar nan tamu. Guda ɗaya ce, mota na zuwa mota na komowa ba komai a tsakaninsu, kuma ita ce jijiyar da ke ɗauke da kayan tashar jiragen ruwa. Daga Oktoba in an fara yankan riɗi, har bayan girbin dawa, manyan motoci ne nan jere, wasu da tirela biyu, wasu sun lalace an bar su a gefe ba fitila, sai 'yan duwatsu da aka jera a bayansu. Ga ramuka, ga raƙuma da shanun makiyaya masu tsallakawa ba sallama. Da rana direba yana ganin duk wannan. Da dare sai ya zo kansa. Shi ya sa na ce, ban kuma sassauta ba, a tashi da sassafe a sauka kafin magariba, ko da hakan ya sa a tafi tun ana gobe wasa.

Masu goyon baya sun fi son su yi karo-karo su ɗauki hayar hafila, ko bokis, ko ma daffar buɗaɗɗiya, saboda arha, kuma don a sami wurin kiɗa da ɗaga tuta. Arha ba ta ado. Babbar bas ta tasha, mai jerin sunayen fasinja da lokacin tashi, ta fi. In kuwa ba makawa sai haya, to madugu ya zagaya motar da kansa: ya dubi tayoyi ko sun suɗe, ya ga tayar ajiya da jak, ya tambayi direba yaushe rabonsa da barci. Kada a ɗora mutum a kan rufi, kada wani ya fito da rabin jikinsa ta taga yana kaɗa tuta. Abin da ya fi ba ni tsoro kuma shi ne zuga direba. Sai ka ji yara suna ihu wai ya wuce ta gabansa, shi kuwa in mai ƙaramin kai ne sai ya ɗauka shi ma wasa yake bugawa. 'Yan sandan hanya suna da tsarin nan na tafwij lokacin sallah, inda akan haɗa motocin fasinja a jere, ba wadda za ta wuce wata. Direbobi na gunaguni da shi, amma dalilinsa a fili yake. In motocinku biyu ne ko uku, ku yi wa kanku irinsa.

Masu zuwa Bur Sudan su lura da Aƙaba, gangaren duwatsun nan tsakanin Sinkat da Suwakin. Kwana-kwana ne, a nan kuma birkin manyan motoci kan yi zafi ya saki. A shirya lokaci yadda za a sauka ta da rana tsaka ko da la'asar sakaliya.

Damina kuma da nata. Daga Yuni zuwa Oktoba ba sai na gaya wa mutumin Gadarif abin da baƙar lakarmu ke yi wa mota ba. Wanda ya sauka daga kwalta wai zai yanke hanya ya sami wurin kwana. Abin da yaranmu ba su sani ba shi ne halin koramun gabas. Can ruwa kan sauka a kan duwatsu nesa, ku nan sama tas ba ko gajimare, sai kawai korama ta taho da ƙarfinta ta hau kan hanya. Mun ga abin da ya faru da madatsar Arba'at ta fashe a Agusta 2024, ta tafi da ƙauyuka. Ruwa mai gudu ba a gwada zurfinsa da mota cike da mutane. A jira ya janye. In habub ce ta taso, direba ya sauka can gefe, nesa da kwalta, har ta wuce.

Game da ci da sha, kowa ya tafi da ruwansa daga gida, ya kuma ƙara da na kwalba wanda ba a buɗe ba. Annobar kwalara da aka sanar a Agusta 2024 ta fi tsanani da farko a Kasala da nan Gadarif, ta ruwa da abinci kuwa take bi. Ful mai zafi, da agashen da aka sauke daga wuta a gabanka, da shayi da jabana, ba laifi. Salatin da ya wuni a buɗe, da ƙanƙarar da ba ka san ruwanta ba, a ƙyale su. Madugu ya riƙe 'yan ƙunshin gishirin zawo daga kantin magani. In babu, lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba mai zawo yana kurɓa har a kai shi asibiti. Zafin Atbara da bazara yakan haura digiri 40, kuma mai goyon baya yakan shiga fili tun rana na tsaka. Hula da ruwa ba ado ba ne. Wanda zai kwana a Kasala ya tuna da kankasha ta 2018, ya nemi gidan sauro.

Kuɗi a raba su biyu. Bankak na da amfani, amma sai da intanet, ita kuwa takan ɗauke daidai lokacin da kake gaban mai sayar da tikiti. A riƙe tsaba kaɗan a wurare biyu a jiki, kuɗin komowa kuma a ware shi tun a gida, a ba madugu ya riƙe, kada yunwar bayan wasa ta cinye shi. Masauki kuwa, mun yi sa'a, da wuya ka sami gari a kan hanyar nan da ba namu a cikinsa, da ɗan gari kuma akan ci gari. Shi zai gaya muku ƙarfe nawa dokar hana yawon dare ke farawa a jiharsu, don kowace jiha da nata lokacin kuma yakan canja. Shi zai nuna muku unguwar da ba a bi da rigar baƙuwar ƙungiya. Sai dai a sanar da shi kwana biyu kafin zuwa, kuma kada mutum ashirin su sauka wa gida ɗaya. Gidaje da yawa tun 2023 suna ɗauke da 'yan'uwan da yaƙi ya koro. Ku tafi da ɗan sukari ko riɗi a hannu.

Mu zo ga fili. Manyan masifun da aka yi a filayen ƙwallo na Afirka, in ka duba su, kusan duk a ƙofa aka mutu. A Akara, ran 9 ga Mayu 2001, Hearts of Oak na cin Asante Kotoko biyu da ɗaya, magoya bayan baƙi suka fara jifa da kujeru da kwalabe, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, wanda mu nan muke kira bamban, jama'a suka ruga ƙofofi suka tarar da su a rufe. Mutum 126 suka rasu. A Bur Sa'id ta Masar, ran 1 ga Fabrairu 2012, masu gida ne ma suka ci wasan uku da ɗaya, amma suka auka wa magoya bayan Ahli da suka zo daga Alƙahira, su kuwa suka gudu cikin wani siririn lungu mai ƙofa a kulle. Fiye da 70 suka mutu. A Yawunde, Janairu 2022, mutum 8 suka rasu a turmutsutsun shiga, tun ba a fara wasa ba. A Nzerekore ta ƙasar Gini, Disamba 2024, gardama kan hukuncin alƙalin wasa ta kai ga jifa da hayaƙi da rububin fita, gwamnati ta ƙidaya gawa 56. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da za ka yi da naka.

Saboda haka a je da wuri, awa biyu kafin a take wasa, a sayi tikiti a tagar da aka tanada, a tambayi 'yan sanda ɓangaren da aka ware wa baƙi. Da ka zauna, kafin ka dubi 'yan wasa, dubi ƙofofi: wacce ka shigo ta, akwai wata kusa, a buɗe take ko da sarƙa? Kada a zauna can ƙasa jikin waya, kada kuma a hau katanga ko ƙarfen fitila. A sa takalmi mai ɗauri. Silifa ita ke fara zamewa, wanda ya sunkuya ɗaukarta cikin turereniya kuwa da wuya ya sake miƙewa. A sa wurin haɗuwa a wajen fili, wani masallaci ko shago da kowa ya gani da idonsa, in an rabu a taru a can.

In turmutsutsu ya kama ka, kada ka yi gaba da shi. Ɗaga hannuwanka biyu a gaban ƙirji kamar ɗan dambe, don ka bar wa huhunka wurin numfashi, domin yawancin masu mutuwa a irin wannan hali matsi ne ke hana su shaƙar iska. Bi inda jama'a ta nufa kana ɗan karkatawa gefe sannu a hankali, ka nisanci bango da ƙofar ƙarfe. Abin da ya faɗi ya faɗi, ko waya ce. In kai ne ka faɗi, ka kwanta ta gefe ka dunƙule, ka kare kanka da hannu, ka tashi da zarar ka sami sarari. In an harba bamban, zafinsa na wucewa, gudun da yake sawa shi ke kisa. Rufe hanci da baki, kada ka murza ido, matsa ta inda iska ke fitowa, ka wanke fuska da ruwa mai tsabta in ka sami wuri.

Saura baki, wanda Hausawa suka ce shi ke yanka wuya. Kirari da waƙa da ba'a duk cikin wasa ne, ba wanda ya ce ku zauna kamar masu zaman makoki. Amma a yabi tamu, kada a zagi garin mutane ko ƙabilarsu ko iyayensu. Za a iya jefo muku kalmar da ta shafi asalinku, don wasu in ƙwallo ta ƙi su can suke komawa. Kada a rama. Ku ashirin ne ko talatin cikin dubbai, kuma in rigima ta tashi ba za a ce magoya bayan Gadarif ba ne, za a ce Hausawa ne, sa'an nan ku ku hau mota ku tafi, ku bar 'yan'uwanmu mazauna garin da abin da kuka tayar. Waɗanda suka ga watan Yuli na 2022, da yadda rikicin Nilu Shuɗi ya yi naso har Kasala, sun san yadda ƙaramar wuta ke tsallaka gari. In wani cikinku ya fara zafi, na kusa da shi ya zaunar da shi tun kafin madugu ya iso.

In an tashi, kada a yi rige-rigen fita. Ku zauna minti goma sha biyar ko ashirin har ƙofa ta yi sauƙi, in kuma 'yan sanda sun ce baƙi su dakata, ku dakata. Ko kun ci ko an cinye ku, a naɗe tuta, a ɗora jallabiya ko wata riga a kan ta ƙungiya kafin a shiga gari. Murnar cin wasa a ajiye ta sai an wuce Hashmal Girba. Wasa yakan ƙare ne dab da magariba ko bayanta, a nan ne kuma direban haya zai ce a kama hanya yanzu, gobe yana da wani aiki, yara ma su ce gobe akwai makaranta. Wannan direba tun asuba yake kan sitiyari. A yi sharaɗin kwana da shi tun a Gadarif, a sa kuɗinsa cikin ciniki. Makaranta kuwa, uba ya aiko da takarda tun kafin tafiya, mu mun san yadda za mu yi da darasin safiya ɗaya. Da gari ya waye madugu ya fito da takardarsa, ya kira suna ɗaya ɗaya kowa ya amsa, ya buga wa dattijon da ke riƙe da ɗaya takardar waya ya gaya masa ƙarfe nawa aka taso.